Tara Kan Sarki a Kaduna: Tsabtar Takarda da Shaidar Hatimi

A watan Maris na 1959, da Jihar Arewa ta sami mulkin kai, gidan waya ya fitar da kan sarki iri biyu don tunawa da ranar. Na sule ɗaya yana ɗauke da hoton babban masallacin Kano, na taro kuwa yana ɗauke da Lugard Hall, zauren majalisar nan mai ƙubba da ke tsakiyar Kaduna. An buga su da yawa, ba su da tsada har gobe. Amma idan aka ajiye guda biyu na taron nan gaban mai tara kan sarki, zai iya sayen ɗaya ya ture ɗayan, kuma yana da hujjarsa.

Abin da yake fara dubawa haƙora ne, wato ƙananan tsagogin da ke kewaye da takardar. Yana ɗaga ta da matsefata, don gumin yatsa yana barin tabo, ya bi gefe huɗun da gilashin ƙara girma. Haƙori ɗaya ya karye, daraja ta ragu. Sai ya ga ko hoton ya zauna daidai a tsakiya ko ya karkata gefe. Daga nan ya juya baya ya duba danƙon: yana nan yadda ya fito daga maɗaba'a, ko an taɓa liƙa shi a littafi? Ƙarshe ya ɗaga shi ga haske, inda duk wani lanƙwasa, ko wurin da takardar ta sirance, ko alamar da aka saka cikin jikinta za su bayyana. Har yawan haƙoran ana ƙirgawa cikin santimita 2, domin bugu biyu masu kama ɗaya kan bambanta ta nan.

Waɗannan ƙa'idoji a Turai aka tsara su, inda Ingila ta fara fitar da kan sarki a 1840. Ba na ƙin su, suna hana cuta a ciniki. Sai dai yanayinmu ba ya raga wa takarda. Danshin damina a Kaduna yana narkar da danƙo, kan sarki ya manne da shafi, jajayen ɗigo-ɗigo su fito masa. Hunturu ya zo ya busar da shi ya nannaɗe. Abin da ya tsira daga waɗannan, gara da kyankyaso na jiransa a ƙasan adaka. Wanda ya ce sai marar aibi zai tara, to yawancin abin da zai samu daga dillalan Landan zai fito, kan sarkin da bai taɓa shiga jakar masinja a ƙasar nan ba.

A ganina, nan ne masu tarawa namu ya kamata su yi wa kansu hukunci. Darajar kan sarkin da ya yi aiki a Arewa tana jikin hatimin da aka buga masa. Tsakanin 1900 da 1914 Arewa tana da nata kan sarkin, mai hoton Sarauniya Biktoriya, sannan Edward na Bakwai, sannan Joji na Biyar, bugun kamfanin De La Rue. A cikinsu akwai na fam 25 na 1904, wanda ba don wasiƙa aka yi shi ba, kuma 'yan kaɗan ne suka rage. A duk tsawon wannan lokaci Kaduna ba ta zama hedkwata ba, sai a 1917 gwamnati ta taso daga Zungeru. Saboda haka hatimin Lakwaja ko Jebba ko Zungeru a kan waɗannan takardu yana nuna inda mulki ya zauna kafin ya iso Kaduna. Haka ambulan mai hatimin Kaduna da kwanan wata na 1959: yana faɗin wanda ya aika, da wanda aka aika wa, da kuɗin da aka biya, da garuruwan da wasiƙar ta ratsa. Sabon kan sarki, komai ƙyallinsa, ba ya da ko ɗaya daga cikin wannan bayani.

Shi ya sa al'adar da 'yan makaranta suka tashi da ita, ta yage kusurwar ambulan a jiƙa a ruwa a ɓare kan sarkin, take ba ni takaici. Ta koya wa yara da dama sunayen ƙasashe, sun san dalar gyaɗar Kano a jerin 1953 da kamun kifin Argungu a na 1973, shekarar da naira da kwabo suka shigo. Amma ta raba dubban hatimai da ambulansu. A tsofaffin na Arewa ɓarnar ta fi haka, don De La Rue da gangan ya yi amfani da tawada mai zuba, musamman shunayya da kore, don kada a wanke hatimi a sake amfani da takardar. Ruwa na taɓa ta launin ya kwaranye.

Har yanzu akwai abin ceto. Garin da ya karɓi wasiƙun ma'aikatu, da na jaridar New Nigerian, da na masu zaɓi-sonka a Rediyon Kaduna, ba zai rasa tsofaffin ambulan a gidajen Unguwar Rimi, Unguwar Sarki da Kawo ba. Wanda ya samu ya bar shi ɗungurungum, ya sa shi a kwance tsakanin fararen takardu, nesa da bango da ƙasa, kuma ya riƙa buɗe shi ya sha iska idan damina ta yi nisa.