Jinjina ga Zumuntar Mata

Disamba na kamawa, kasuwar Terminus ta Jos sai cinikin atamfa da kaji. Ni kuwa hankalina yana wajen matan Zumunta. Da yamma za ka tarar da su a harabar coci, wata ta rungume tulu tana buga bakinsa, wata na kaɗa caki, ana bitar waƙoƙin haihuwar Almasihu da Hausa.

Ranar Kirsimeti, kafin su taɓa tasu shinkafar, sun kai kwano gidan gwauruwa, sun leƙa marasa lafiya a asibiti, sun aika wa maƙwabtansu Musulmi. Labarin Luka sura 2 ya zauna musu a zuciya: jaririn da aka kwantar a komin dabbobi a Baitalami saboda an rasa masauki. Sannunku da aiki, iyayenmu mata.