Aikatau "Ɓace" a Rahotannin Dadiyata

A wannan takarda mun duba yadda rahotannin Hausa suka ɗauki maganar Abubakar Idris Dadiyata, malamin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wanda wasu mutane suka tafi da shi daga gidansa na Barnawa, Kaduna, ran 2 ga Agusta 2019. Da yawansu "ɓacewa" suke rubutawa. To, a ganinmu kalmar ba ta dace ba. "Ɓace" aikatau ne ƙi-karɓau, watau ba ya nuna hannun kowa. Akuya ke ɓacewa, a yi cigiyarta a kasuwar Tsafe. "Sace" kuwa dole ya zo da ɓarawo. Haka abin yake ga iyalai a Bungudu da Gusau: da zarar an rubuta "ya ɓace", nema ya koma wuyan dangi, hukuma ta naɗe hannu.