Jinjina Ga Zumuntar Maza

Da sassafe za ka gan su a Ƙofar Dumi, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar Bauchi: bakanike da jakar kayan aiki, malamin makaranta, direban Keke Napep. Wasunsu daga Yelwa suka taso. Babu wata alama a goshinsu, amma idan yamma ta yi, su ne ke haɗuwa a majami'a da sunan Zumuntar Maza.

Kowa ya san Zumuntar Mata da waƙoƙinsu da anko. Mazan kuwa aikinsu ba ya da amo. Magidanci a ƙasar nan an raine shi ya haɗiye damuwa, ko kuɗin haya ne ko na makarantar yara. A zaman Zumuntar Maza yake samun inda zai sauke kayan da ke kansa. Sai a buɗe Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara bugawa cikakke da Hausa a 1932, a karanta, a yi addu'a, a miƙa wa Ubangiji ragamar al'amari. Mutum ya koma gida ya yi barci, alhali bashin yana nan, domin ya amince akwai Mai bi da shi.

Su ne ke zuwa dubiya asibiti, su haƙa kabari, su sasanta ma'aurata cikin sirri, su haɗa taro da sisi don marayu. Matasan ECWA da COCIN da sauran ikilisiyoyi, ku matso kusa da iyayen nan naku, ku zauna ku saurare su.