Jinjina ga 'Yan Zuhudun Benedikt da Azuminsu na Kwana Arba'in

A ƙasashen Turai, azumin kwana arba'in da Kiristoci ke yi kafin Ista, wato bikin tashin Almasihu daga matattu, yakan zo ne lokacin da sanyin hunturu ke janyewa, itatuwa na fitar da sabon ganye, kuma babu waɗanda suka raya wannan lokaci da tsari irin 'yan zuhudun Benedikt, mutanen da suka keɓe kansu domin addu'a da aikin hannu. Jagoransu, Benedikt na Nursiya, wanda ya kafa gidan ibada a dutsen Monte Kasino na Italiya wajen shekarar 529, ya bar musu ƙa'ida mai babi 73. Babi na 48 ya tanadi cewa da shigowar azumin a ba kowane ɗan zuhudu littafi guda daga ɗakin karatu, ya karance shi daga farko har ƙarshe, ba tare da tsallake ko shafi ba. Babi na 49 kuwa ya buƙaci kowa ya ƙara addu'a, ya rage ci da barci da yawan surutu, amma da sharaɗin ya sanar da shugaban gidan abin da ya ƙudurta, domin ibadar da mutum ya ɗora wa kansa ba da izini ba takan rikiɗe ta zama alfahari. Wannan hikima ta haɗa himma da tawali'u ita ce ta sa suka cancanci yabo, domin sun nuna cewa gyaran zuciya aiki ne na haƙuri da bin tsari.