Taliya da gurasar idi a kwano guda

A shekarar 2013, wasu ma'aurata masu sana'ar girki, Aaron Israel, Bayahuden Amurka, da Sawako Okochi, ƴar asalin Japan, suka buɗe gidan abinci mai suna Shalom Japan a yankin Brooklyn na birnin New York. Abincin da ya fito da sunansu shi ne ramen, wato taliyar Japanawa, wadda suka haɗa da curin matza cikin romon kaza.

Ta fuskar ɗanɗano, haɗin ya zauna daram. Romo ne ginshiƙin girkin biyu: curin, wanda ake kwaɓawa da garin matza da ƙwai da kitse, yana shanye romon, taliyar kuma tana ba haƙori abin tauna. Mai cewa an gurɓata asali ya tuna ita kanta ramen daga ƙasar Sin ta shiga Japan.

Sai dai akwai abin da harshe ba ya ji. Matza gurasa ce marar yisti ta Idin Ƙetarewa, mai tunatar da fitar Bani Isra'ila daga Masar cikin gaggawa, kuma a kwanakin idin shari'ar Yahudawa ta hana cin taliyar alkama irin wannan. Ke nan girki ya haɗa abin da ibada ta raba.

Darajar kwanon ita ce daga gidan aure ya fito, inda tilas kowa ya san gadon abokin zamansa. Ranar da ya zama yayi a hannun masu kwaikwayo, daɗin zai saura, ma'anar kuwa ta zube.