Baka Ba Ya Kai Nesa: Nazari Kan Harbin Barewa a Dajin Gefen Gari

Duk shekara, da zarar watan Satumba ya raba, wasu mazauna birnin Duluth na jihar Minnesota a Amurka sukan rataya kwari, su ɗauki baka, su shiga dajin hukuma da ya ratsa unguwanninsu don harbin barewa mai farar wutsiya. Birni ne mai mutum wajen dubu 86 a bakin tafkin Superior, kuma tun 2005 hukumarsa ta amince da wannan harbi, bisa sharaɗin kowane maharbi ya fara cin jarrabawar saiti. Gundumar Fairfax ta jihar Virginia, dab da Washington, ita ma tana barin maharba masu baka su shiga lambunan shaƙatawarta tun 2010.

Suka iri biyu ake yi wa wannan al'ada. Ƙungiyoyin kare haƙƙin dabbobi irin su PETA suna cewa kibiya azabtarwa ce, wai dabbobin da take jikkatawa su ɓace a daji sun kai waɗanda take kashewa. Mu kuma a nan, in labarin ya iso majalisa, dariya ake yi: mutanen da suka taka duniyar wata su koma ga kwari da baka, ai ƙoshi ne kawai. Duka biyun sun yanke hukunci ba su duba yadda ake aikin ba.

Tarihin gajere ne. Wajen 1900 masu harbi don kasuwa sun kusa ƙarar da wannan barewa, abin da ya rage a duk ƙasar bai wuce rabin miliyan ba. A shekarar aka yi dokar Lacey, wadda ta hana ƙetara iyakar jiha da naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba. A 1911 wani mutum mai suna Ishi, na ƙarshe a ƙabilar Yahi, ya fito daga duwatsun California, likitansa Saxton Pope ya koyi sassaƙa baka da sanɗar dabba a wurinsa, ya fitar da littafi a kai a 1923. Jihar Wisconsin ce ta fara ware wa masu baka lokacinsu na daban a 1934. A 1937 aka ɗora haraji kan bindigogi da harsasai don kula da namun daji, a 1972 aka haɗa da kayan baka. Yau ana ƙiyasta barewar da wajen miliyan 30. Ta cika gefen garuruwa, tana cinye lambuna da ƙananan itatuwa, motoci suna karo da ita fiye da sau miliyan a shekara, ana rasa rayuka kusan 200.

Dole a rage ta, kuma bindiga ba ta da wuri a tsakanin gidaje, don harsashin bindigar farauta yana iya tafiya fiye da kilomita uku. Shi kuwa mai baka yakan ɗaura 'yar kujerar ƙarfe a jikin bishiya, mita biyar ko shida daga ƙasa, ya yi harbi yana kallon ƙasa, in ya kuskure kibiya ta soki turɓaya. Shi ya sa a Pennsylvania mai bindiga sai ya nisanci gidan mutane da yadi 150, mai baka yadi 50 kawai. Wannan hujja ce ta hukuma, kuma ta isa. Abin da ya dame ni shi ne gwanintar da ke cikin aikin, wadda duka ta taru a abu ɗaya: karatun iska.

Yawancin barewar da ake samu da baka, a tazarar da ba ta kai mita 30 ba ake samun ta. Dabba ce da idonta bai cika rarrabe ja da ruwan lemo ba, kunnenta kuma yakan yi shakka ya sake saurare, amma hancinta ba ya shawara. Iska ta kai mata warin mutum daga ɗaruruwan mitoci, sai ta buga ƙafa, ta yi huci, ta ɗaga farar wutsiyar nan, duk na kusa su watse. Saboda haka kafin maharbi ya tambayi inda barewa take, sai ya fara tambayar inda warinsa zai tafi.

Hasashen yanayi na waya zai ce masa iska daga arewa maso yamma take. Wannan gaskiya ce a filin jirgin sama, a cikin kwari kuwa wani zance ne. Iska tana karo da tudu ta juyo, tana bin rafi, tana kewaya gefen fili. Bayan ita akwai wata mai bin zafi da sanyi: da hantsi, idan rana ta dumama gangare, iska takan hau sama da warin mutum, da la'asar sakaliya kuma ta yi sanyi ta gangaro ta kwanta a kwari. Ke nan bishiyar da ta dace da safe tana iya zama mafi muni da yamma, alhali ba ta motsa ba. Gwanayen cikinsu sukan cika aljihu da audugar wani tsiro ɗan uwan tumfafiyarmu, suna sakin ta ɗaya bayan ɗaya. Garin hodar gwada iska da ake sayarwa a kanti yakan ɓace cikin taku biyu, ita kuwa audugar ido yana iya bin ta mita ashirin ko fiye, a ga inda ta yi kwana, inda ta tsaya tana juyi, inda ta nutse. Hanyar da ta bi ita warinka zai bi.

Sabon shiga yakan ɗauka abin da ake so shi ne iska ta taso daga dabba zuwa gare shi kai tsaye. Tsohon hannu ya san babban namiji ba ya yarda ya yi tafiya da rana iska na bayansa. Yakan kwanta a ɓangaren tudu da iska ba ta duka, hancinsa yana tsaron baya, idonsa yana tsaron gangare. A watan Nuwamba, lokacin barbara, yakan bi gefen mazaunin mata ta inda iska ke fitowa, ya sansano wadda ta shirya ba tare da ya shiga ba. Don haka maharbi yakan zaɓi iskar da ta kusa zama ta barewa: tana ba dabba tabbacin cewa ita ke da rinjaye, amma tana wuce hanyarta da 'yan taku kaɗan. Ɗan karkacewar nan tsakanin inda wari ya bi da inda hanci zai biyo, nan ne duk sana'ar take. In iska ta juya kaɗan, an yi asarar yini, wataƙila da wurin ma baki ɗaya.

Dajin gefen gari yana ƙara wani sharaɗi. Barewar can ta saba da warin mutum: masu gudun motsa jiki, masu yawo da karnuka, yara a keke. A kan turba ba ta damuwa da su. Amma wari ɗaya ya fito daga cikin ƙurmi, inda mutum bai saba tsayawa ba, nan take ta gane. Shi ya sa hanyar shiga take da muhimmanci kamar wurin zama. Ana bi ta cikin rafi, ko a bi turbar jama'a har sai an zo daidai bishiyar sannan a ratse, ba a ƙetara hanyar dabba. Kuma tunda dajin na kowa ne, kana iya zuwa da asuba ka tarar wani ya riga ka. Mai hankali yakan sa sauran maharba cikin lissafinsa, ya san inda suke taruwa, ya koma ɗan tsirin dajin bayan tashar mota da kowa ya raina, don can barewar da suka kora take fakewa.

In dabba ta zo, saura jan tsirkiya, kuma shi ne motsin da ba ya ɓoyuwa. Sai kanta ya shiga bayan itace ko ta juya. Ana jiran ta ba da gefe, a nufi bayan ƙafar gaba, wurin da faɗinsa bai wuce faifai ba, don kibiya ta ratsa huhu biyu. Nisa yana da haɗari ko ga gwanin saiti. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, kibiyar farauta ba ta cika wuce 90 ba. A mita 30 ƙarar tsirkiya tana isa kunnen barewa kafin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, kibiya kuwa sai bayan sulusin daƙiƙa. Wannan ratar ta ishe ta duƙawa don zabura, kibiya ta wuce ta bayanta ko ta same ta a wurin da bai kamata ba. Ba bugu ne ƙira ba, sanin wurin bugu, kuma a nan har da sanin lokacin fasawa.

Bayan harbi ba a sauka nan da nan. Ana ba da aƙalla rabin awa, sannan a duba kibiya. Jini mai haske da kumfa na huhu ne, irin wannan dabba ba ta cika wuce mita ɗari ba, cikin daƙiƙoƙi take faɗuwa. Jini mai duhu na hanta ne, a jira awa huɗu ko fiye. Kore mai wari na tumbi ne, a koma gida sai bayan awa takwas zuwa goma sha biyu, don in an taso ta daga inda ta kwanta za ta yi nisan da ba za a same ta ba. Wanda ya karanta babin farauta a fiƙihun Malikiyya zai ga ba baƙon zance ba ne: malamai sun daɗe suna tattauna hukuncin dabbar da aka harba ta ɓace ta kwana, kamar yadda suka bambanta wadda kaifi ya huda da wadda nauyin makami ya buge.

To, ina zancen azabtarwa? An bi diddigin maharban wani sansanin sojan ruwa a Indian Head ta jihar Maryland daga 1989 zuwa 2006, aka samu cewa cikin kowace barewa 100 da kibiya ta taɓa, an ɗauko 82 cikin awa 24. Sauran 18 abin damuwa ne, amma ba rabi ba ne, kuma maganinsu jarrabawar saiti da rage nisa. Masu cewa a yi wa matan allurar hana haihuwa sun san sai an bi kowace an yi mata, a sake bayan wani lokaci, abin da ke yiwuwa a tsibiri ko cikin shinge, ba a dajin da ke haɗe da wani dajin ba. Masu cewa a bar ta kawai sun zaɓa mata mutuwa a gaban mota. Zancen ƙoshi kuma, lasisin ɗan jiha kuɗinsa kaɗan ne, dajin kyauta ne, naman ci ake yi, kuma tun 1991 akwai shirye-shirye a Pennsylvania da Virginia na kai rarar nama ga mabuƙata.

In akwai wanda ya cancanci suka, a cikin maharban yake. Tun da Holless Wilbur Allen ya yi rajistar bakansa mai ƙananan wili a 1969, wanda ke ɗauke wa hannu mafi yawan nauyin ja, kasuwa take ta neman hanyar cire wahala daga abin da wahalar ce amfaninsa. Bakan Allen na yarda da shi, tunda har yanzu sai ka ja a gaban dabba. Baka mai kunama da madubin saiti, wanda ake ɗanawa tun a mota, ban ga abin da ya haɗa shi da wannan al'ada ba, sai dai ga tsoho ko mai rauni. Kyamarar da ke turo hoton barewa a waya ma haka, kuma jihar Arizona ta yi daidai da ta hana amfani da kyamarorin daji wajen farauta daga 2022. Wanda ke zuba masara a gona mai shinge yana jiran mai manyan ƙahoni, kiwo yake yi.

Ra'ayina shi ne namun daji suna wanzuwa ne inda makami yake da iyaka, dajin kuma yake na kowa. Gajeren zangon baka yana tilasta wa mutum sanin daji, kuma yana sa yawancin fita a dawo hannu rabbana, shi ya sa jiha take iya ba masu baka wata uku da rabi, kamar a Minnesota, ba tare da dabba ta ƙare ba. Eka miliyan 193 na gandun dajin tarayya, ban da na jihohi da birane, su suka sa direba da malamin makaranta suke da inda za su shiga. Wanda yake da rabo a daji shi ke biyan harajinsa, shi ke kai ƙarar ɓarawonsa.

A nan ne zancen ya shafe mu. Maharbinmu da ke ɗaura kan burtu a goshi, ya duƙa yana kwaikwayon tafiyar tsuntsu har ya kusanci gwanki, ilminsa ɗaya da na mutumin Duluth, wataƙila ma ya fi, tunda a ƙasa yake yi, da kyauro da dafin kwankwani. Labaran kafuwar Kano da Haɗeja duk da maharbi suka fara. Kuma ba shi ya ƙarar da barewa da mariya a ƙasar Hausa ba. Gobarar daji ce, da fitilar goshi da bindiga da dare, da gayyar farauta mai share duk abin da ya motsa, da gatari, da gonar da ta cinye saura. Arewa ta yi dokar namun daji tun 1963, amma doka ba ta tsaron dajin da babu mai rabo a cikinsa. Dazuzzukan Falgore da Kamuku da Rugu yanzu an fi jin sunansu a labaran tsaro. In Allah ya kawo ranar da za a dawo da su hannun hukuma, kada a tsaya ga kafa allon hani. A fara da barin dabba ta hayayyafa, sannan a ware lokaci, a ƙayyade adadi, a haramta fitila da wuta, a ba maharban garuruwan da ke kewaye lasisi a kan baka kaɗai, a kuma sa su cikin masu gadi, tun akwai sauran tsofaffin da za su koya wa yara sanɗa.