A kashe sauti, mu ga ko fim ɗin zai yi magana

Akwai wani gwaji mai sauƙi da ake ba ɗaliban fim tun a farkon karatu, wanda kai ma mai karatu za ka iya yin sa a ɗakinka yau da dare. Ka sa fim, ka kashe sautin gaba ɗaya, ka kalla na minti goma. In ka gane wa ke son wa, wa ke ɓoye wani abu, wa ke jin tsoro, to daraktan ya san aikinsa. In kuwa abin da ka gani shi ne mutum biyu zaune a falo bakinsu na ta motsi, to wasan kwaikwayon rediyo aka ɗauka da kyamara. Maganar gaskiya, da yawa daga finafinanmu na Hausa, tun daga zamanin kaset har zuwa masu dogon zango da ake sakawa a YouTube, ba za su ci wannan jarrabawa ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Sana'ar ta taso ne daga ƙungiyoyin wasan daɓe da diramar talbijin, sannan marubutan littattafan soyayya suka shigo. Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, daga wannan tushe ya fito. Shi kuwa wasan daɓe da littafi, magana ce jarinsu. Don haka muka gaji iya tsara zance, har ka ji jarumi ya yi kalamin da 'yan kallo za su yi wata guda suna maimaitawa. Abin da ba mu gada ba shi ne ba da labari da hoto, kuma shi ne ainihin abin da ɗalibin fim yake zuwa makaranta ya koya.

Mu ɗauki tacewa. Kimanin shekara ɗari da suka wuce, wani malamin fim a ƙasar Rasha mai suna Lev Kuleshov ya ɗauki hoton fuskar wani jarumi wadda ba ta nuna fara'a ko baƙin ciki. Ya haɗa ta da hoton kwanon miya, ya sake haɗa ta da hoton gawar yarinya a akwati, ya kuma haɗa ta da hoton wata mace a kishingiɗe. Masu kallo suka ga yunwa a fuskar, suka ga jimami, suka ga sha'awa, alhali fuskar ɗaya ce. Darasin shi ne, ma'ana tana fitowa ne daga yadda aka jera hotuna. Idan uwargida ta ji an ɗaura wa mijinta aure, ba sai ta yi minti biyar tana faɗa wa ƙawarta cewa ranta ya ɓaci ba. A nuna motar kai lefe, a nuna hannunta ya tsaya cak a kan ludayi. Shi ke nan, mai kallo ya gama fahimta, kuma ya fi jin abin a ransa.

Sai kuma wurin ajiye kyamara. Ana koya wa ɗalibi cewa in mutum biyu na magana, ya ƙaddara akwai layi a tsakaninsu, kuma kyamara ta tsaya a ɓangare ɗaya na layin. In ta tsallaka haka kawai, wanda ke kallon dama zai koma kallon hagu, sai ka ga miji da mata kamar duk suna magana da bango ɗaya. Mai kallo ba zai san sunan kuskuren ba, amma zai ji wani abu bai zauna ba. Haka batun kwantiniti: hula a karkace a wannan hoto, a miƙe a na gaba, kofin shayi ya kusa ƙarewa, an juyo ya cika.

Haske ma karatu ne. Ɗalibi na koyon fitila uku: babbar da ke haska fuska, ƙaramar da ke rage inuwa, da ta baya mai raba mutum da bango. A wajenmu wannan ya fi muhimmanci, domin baƙar fata cikin farar shadda a tsakiyar rana jarrabawa ce ga kowace kyamara. Ko dai riga ta yi fari fat ba a ganin aikinta, ko fuska ta nutse cikin duhu. Shi ya sa wanda ya sani yake neman inuwa, ko ya jira sanyin la'asar. Sauti kuwa, sau nawa muka ji ƙarar janareta tana gasa da jaruma a lokacin da take kuka?

To, a nan ne gardama take. Wasu tsofaffin hannu a industiri na cewa su ba su shiga aji ba, amma sun yi finafinan da suka riƙe kasuwa shekara da shekaru, kuma wanda ya fito daga makarantar fim ta Jos, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Fim ta Nijeriya, sai ya zo da Turanci da girman kai amma bai san yadda ake gama sin goma kafin magariba ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Takarda ba ta ɗaukar hoto. Ɗalibin da bai taɓa riƙe sandar makirfo a rana ba, bai san halin ɗan kallon Fagge ko na Damagaram ba, karatunsa bai kammala ba.

Amma fa kada a fake da wannan a ƙi koyo. Manyan masu fim na Afirka duk sun zauna gaban wani. Ousmane Sembène na Senegal ya riga ya yi suna a rubutun littattafai, ya kusa shekara arba'in, amma ya tafi Mosko ya koyi fim kafin ya yi Borom Sarret a 1963. Souleymane Cissé na Mali shi ma a Mosko ya yi karatu, kuma fim ɗinsa Yeelen ya ci kyauta a bikin Cannes na Faransa a 1987. Oumarou Ganda na Nijar bai bi ta wannan hanya ba; ya faro ne daga fitowa a fim ɗin Bafaranshe Jean Rouch, ya koyi aikin a hannu, har fim ɗinsa ya ɗauki babbar kyautar Fespaco a Wagadugu a 1972. Ɗaya a aji, ɗaya a fagen aiki, amma kowa ya koya.

Mu ma muna da namu. Shaihu Umar da Adamu Halilu ya yi da Hausa a 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an gyara shi an nuna a bikin fim na Balin ta Jamus a 2018. 'Yan fim ɗinmu nawa ne suka nemi ganin sa don su duba yadda aka mayar da littafi hoto?

Yanzu kyamarori sun yi kyau, har wayar hannu tana ɗaukar hoton da ya fi na kyamarar zamanin kaset. Ɗan kallonmu kuma yana ganin finafinan Indiya da Turkiyya da Koriya a waya ɗaya da namu, kuma yana kwatantawa. Uzurin rashin kayan aiki ya kusa ƙarewa. Shawarata ga furodusa ita ce ya ba ɗalibin da ya karanta fim wuri a lokeshin, ko da mataimakin darakta ne. Shi kuma ɗalibi ya ajiye girman kai, ya ɗauki fitila, ya saurari waɗanda suka riga shi. Kafin su kai fim kasuwa kuma, su zauna tare su kashe sautin, su kalla.

Allah ya sa mu gane, amin.